Joseph Plumb Martin, yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 15 a yaƙin neman 'yancin Amurka: tambayoyi da amsoshi

Duk sanda aka tada hirar yaƙin neman 'yancin Amurka sunan George Washington, babban kwamandan sojojin Amurka, ne ke fitowa, sai ka ce shi kaɗai ya saɓa bindiga ya kori Turawan Ingila. Ni kam wanda ya tsaya min a rai wani ƙaramin soja ne da ya yi kusan shekara bakwai a cikin yaƙin, yawanci cikinsa ba komai ƙafarsa ba takalmi, kuma da ya tsufa ya zauna ya rubuta abin da idonsa ya gani. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa, na amsa iya yadda zan iya.

Wai wane ne shi wannan Joseph Plumb Martin ɗin?

An haife shi ranar 21 ga Nuwamba 1760 a wani ƙaramin gari mai suna Becket a Massachusetts. Babansa Ebenezer Martin fasto ne, ya ma yi karatu a jami'ar Yale, amma mutum ne da zama wuri ɗaya ya gagare shi kuma abin hannunsa bai taka kara ya karya ba, shi ya sa tun Joseph na ɗan shekara bakwai aka kai shi riƙo wajen kakanninsa na wajen uwa a garin Milford da ke Connecticut. Nan ya tashi a gona, yana noma yana kula da dabbobi. Bai yi wani dogon karatun makaranta ba, amma ya iya karatu da rubutu sosai kuma yana da baki, duk wanda ya karanta labarinsa zai gane haka.

Yaƙin me ake yi a lokacin?

A lokacin babu wata ƙasa mai suna Amurka tukuna, yankuna ne guda 13 a bakin teku ƙarƙashin sarkin Ingila George na Uku, mutanensu duka-duka wajen miliyan biyu da rabi, kusan kashi ɗaya cikin biyar baƙaƙen fata ne kuma akasarinsu bayi. Rigimar ta faro ne daga haraji, majalisar Landan na ɗora musu haraji alhali ba su da wakili ko ɗaya a cikinta. An fara harbe-harbe a Lexington da Concord ranar 19 ga Afrilu 1775, aka ayyana 'yanci ranar 4 ga Yuli 1776, ba a sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ba sai 3 ga Satumba 1783 a birnin Paris.

Yaro ɗan shekara 15 ya aka yi aka ɗauke shi soja?

Wannan ba wani abin mamaki ba ne a zamanin, babu mai tambayarka takardar haihuwa, in dai ka yi tsayin da za ka riƙe bindiga shi kenan. Shi da kansa bai ɓoye ba, ya ce da farko ba ya son yaƙin ko kaɗan, abin da ya ja shi shi ne ganin sa'o'insa suna tafiya suna dawowa ana yi musu kallon maza, shi kuma yana nan yana bin shanu. Kakansa ya ƙi yarda da farko, daga baya dai ya sakar masa.

Yadda ya ba da labarin ranar da ya sa hannu yana burge ni saboda bai yi wa kansa kwalliya ba. Ya je inda ake ɗibar mutane da yamma, ya ɗau alƙalami yana ta shawagi da shi a saman takardar ba tare da ya taɓa ta ba, zuciyarsa na cewa yi wata na cewa bari, sai wani daga bayansa ya bugi hannunsa alƙalamin ya ja layi a takardar, aka ce ai ya riga ya sa hannu, shi kuma ya ga tunda abin ya kai haka gara kawai ya rubuta sunansa. Wata shida ya sa wa hannu, a rundunar jihar Connecticut, cikin bazarar 1776. Kakanninsa suka haɗa masa bindiga da tufafi da ɗan guzuri na cuku da waina irin tasu da ƙaramin Littafi Mai Tsarki na aljihu, aka sa su a jirgin ruwa zuwa Niyok.

Ya ya ji da ya fara ganin yaƙi da idonsa?

Ya ji tsoro mana, kuma ya faɗa. A ƙarshen Agusta 1776 aka tsallakar da su zuwa tsibirin Long Island da ke kusa da Niyok inda sojojin Ingila suka yi wa rundunar Washington kaca-kaca, tun kafin su isa suka fara cin karo da masu rauni ana dawowa da su, wani hannu a karye wani kai a fashe. Sai kuma ranar 15 ga Satumba a Kip's Bay da ke Niyok, an ajiye su a wani ɗan rami mara zurfi a bakin ruwa, gari na wayewa suka ga jiragen yaƙin Ingila sun jeru a gabansu, da aka buɗe musu wuta da igwa kowa ya yi ta kansa, shi ma Martin ƙafa me na ci ban ba ki ba. Wannan ita ce ranar da aka ce Washington ya fusata har yana dukan masu gudu. Martin kuma nasa ƙorafin shi ne babu wani hafsa da ya tsaya ya ba su umarni, kuma gaskiya ina ganin yana da hujja, yara ne 'yan gona da ba su fi wata uku da ɗaukar bindiga ba aka ajiye su a gaban manyan jiragen yaƙi. Ya kuma halarci faɗan White Plains a Oktoba, a Disamba wa'adinsa ya cika ya koma gida.

To tunda ya sha da ƙyar me ya mayar da shi?

Zaman gida ya gundure shi, abokai kuma suka yi ta zuga shi. A lokacin an raba mazan kowane gari rukuni-rukuni, kowane rukuni dole ya kawo mutum ɗaya, in babu mai son zuwa sai su yi karo-karo su biya wani ya tafi a madadinsu. Martin ya ga tunda dai zai tafi to gara ya karɓi kuɗin, haka ya shiga babbar rundunar ƙasa a Afrilu 1777, runduna ta 8 ta Connecticut, kuma wannan karon abin da ya sa wa hannu shi ne har sai yaƙi ya ƙare. Yana ɗan shekara 16. Bai fita ba sai yana da 22.

Wannan tsarin na biyan wani ya je maka yaƙi shi ke nuna maka su waye suka cika rundunar bayan ɗokin farko ya wuce, 'ya'yan talakawa ne da 'yan ƙodago da baƙin haure da bayin da aka yi wa alƙawarin 'yanci, mai gona da shago ya biya kuɗi ya zauna gidansa.

Wace irin bindiga suke amfani da ita?

Kusan irin bindigar toka da maharba ke riƙewa, ta baki ake ɗura mata albarushi da dunƙulen dalma a danna da sanda, dutsen ƙanƙara ne ke ƙyasta wutar. Ƙwararren soja zai iya harbi kamar sau uku a minti ɗaya, kuma ba ta da saiti in abu ya yi nisa, shi ya sa ake jera su sahu-sahu su saki wuta lokaci guda sannan a ruga da banati a bakin bindiga. In aka yi ruwan sama albarushi ya jiƙe to sanda ce kawai a hannunka. Da yawa daga cikin bindigogin daga Faransa aka kawo su.

Me aka yi musu alƙawari, me suka samu?

Nan ne fa zancen yake. A takarda farabiti na da albashin dala shida da 'yan kai a wata, da abinci kullum wajen laba ɗaya ta nama da laba ɗaya ta burodi ko fulawa, da tufafi duk shekara, wanda kuma ya sa hannu har ƙarshen yaƙi an ce zai samu fili eka 100. A zahiri kuwa majalisar da ke jagorantar yaƙin ba ta da ikon karɓar haraji, sai dai ta roƙi jihohi kuma ta yi ta buga kuɗin takarda, kuɗin ya yi ta karyewa har a 1780 ita kanta majalisar ta yarda cewa dala 40 ta takarda ce daidai da dala ɗaya ta azurfa, a kasuwa ma abin ya wuce haka nesa. Manomi ya ga in ya kai hatsinsa wajen sojojin Ingila za a ba shi tsabar zinariya, in ya kai wa nasu sojojin a ba shi takarda, to ka san inda zai nufa. Martin ya ce albashin wata ɗaya tak ya taɓa karɓa a tsabar kuɗi na gaske tun bayan 1776, shi ma a 1781 ne a hanyarsu ta zuwa Yorktown inda aka yi babban faɗa na ƙarshe, kuma daga hannun Faransawa aka ranto shi.

Abin da ya fi yi masa ciwo kuma ya yi ta maimaitawa shi ne ba fari ake yi a ƙasar ba, abinci na nan cike da rumbuna, suna wucewa ta ƙauyuka suna ganin mutane na ci suna ƙoshi, su da ke yaƙi domin mutanen suna bin gona suna tsintar abin da aka bari.

Gaskiya ne yunwar ta kai su ga cin takalmi?

Gaskiya ne, amma bari in fara da Valley Forge, wani wuri kusa da birnin Filadelfiya, tunda ita aka fi sani. A Disamba 1777 bayan Ingila ta ƙwace Filadelfiya, Washington ya kai mutum wajen 12,000 wannan wuri don su yi hunturu. Ana gobe za su shiga majalisa ta sa a yi ranar godiya ga Allah a duk ƙasa, Martin ya ce bayan kwana biyu ko uku ba su ci abin kirki ba, abin da aka raba wa kowane soja na bikin shi ne shinkafa da ba ta wuce cokali huɗu ba da cokali ɗaya na ruwan khal, sannan aka tara su suka tsaya sauraron wa'azi. Ya ce ana iya bin sawun rundunar ta jinin ƙafafunsu a kan daskararriyar ƙasa, shi kansa ɗanyar fatar saniya ya samu ya ɗaure a ƙafa tana gurje masa idon sawu. Daren da suka isa ko ruwan sha bai samu ba sai da ya saya da 'yan kwabban da suka rage masa. Wajen mutum 2,000 suka mutu a wannan sansani kafin rani, akasarinsu cuta ce ta kashe su, atuni da taifot da ciwon huhu. Shi Martin Allah ya taimake shi aka tura shi cikin masu zagaya ƙauyuka neman abinci wa runduna, sai ya yi hunturun a waje yana samun na sawa a baki.

Wanda ya fi muni shi ne hunturun 1779 zuwa 1780 a Morristown da ke New Jersey, wanda mutane ba su cika ambata ba. Sanyin shekarar ya wuce misali, har ruwan tashar jiragen Niyok ya daskare ana tafiya a kansa, dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi babu keken doki da zai iya kawo abinci. Martin ya rantse cewa ya yi kwana huɗu dare da rana bai sa komai a bakinsa ba sai ɓawon wani icce da ya gaigaya, ya ga mutane sun gasa tsofaffin takalmansu sun ci, kuma an gaya masa wasu hafsoshi sun yanka ɗan karen da suke ji da shi sun cinye. In hafsa ya kai ga haka ka ƙiyasta halin farabiti.

Ba su taɓa yin bore ba duk da wannan?

Sun yi, kuma Martin na ciki. Ranar 25 ga Mayu 1780 runduna biyu na Connecticut suka fito da yamma da bindigoginsu ana kaɗa ganga ba tare da umarnin kowa ba, wata biyar ba albashi ga kwanaki ba nama. A cikin turereniyar har aka soki wani kanar mai suna Meigs da banati a gefen ciki. Aka kira sojojin Pennsylvania su kewaye su, da waɗancan suka gane dalilin boren sai suka fara cewa ai su ma gara su shiga, dole hafsoshi suka yi maza suka janye su. Da lallashi aka kwantar da abin, 'yan kwanaki bayan nan abinci ya iso.

Abin da ya kamata a lura shi ne ba wajen abokan gaba suke shirin komawa ba. Yadda Martin ya kwatanta abin, suna tsakanin abu biyu ne, ko su zauna yunwa ta kashe su ko su watse su bar abin da suka sha wahala a kansa shekara da shekaru, kuma dukansu biyun ba sa so. A Janairun 1781 sojojin Pennsylvania suka yi nasu boren wanda ya fi wannan girma, na New Jersey suka biyo baya, a nan kam an harbe biyu daga cikin jagororin.

Waɗanne manyan faɗace-faɗace ya halarta?

Germantown a Oktoba 1777, Fort Mifflin a Nuwambar shekarar, Monmouth ranar 28 ga Yuni 1778, sai Yorktown a 1781, ban da ƙananan arangama. A Monmouth zafin rana ya kashe mutane da dama ba tare da harsashi ya taɓa su ba. A nan ne ya ga wata mata tana taya mijinta aiki a bakin igwa, ta miƙa hannu za ta ɗauko albarushi ƙwallon igwar abokan gaba ya wuce ta tsakanin ƙafafunta ya yage mata ƙasan siket, ta ci gaba da aikinta. A nan ne kuma ya ce ya auna wani sojan Ingila da gangan ya harba, hayaƙi ya hana shi ganin abin da ya faru, kuma yana tsoho yana rubutu ya ce yana fatan bai kashe shi ba duk da dai a lokacin niyyarsa kenan. Wannan maganar ta daɗe tana yi min yawo a kai.

Me ya sa ya fi damuwa da Fort Mifflin?

Saboda nan ya fi ganin bala'i kuma nan aka fi mantawa. Wata 'yar ganuwa ce a kan tsibirin laka a tsakiyar kogin Delaware, ita ta tare jiragen Ingila suka kasa kai wa sojojinsu kaya a Filadelfiya. Mutanen ciki 'yan ɗaruruwa ne, aka yi kwanaki ana yi musu ruwan igwa daga tudu da kuma daga jirage, da rana a rusa da dare su gyara cikin laka da sanyi, babu wurin kwanciya domin duk wanda ya shiga ɗaki bom zai iske shi. Suna da wata babbar igwa amma ba su da ƙwallonta ko ɗaya, sai hafsoshi suka ce duk wanda ya tsinto ƙwallon da Ingila ta harbo mai girman bakinta za a ba shi ɗan kofin barasa, sai ka ga mutane sun jeru suna jira ƙwallo ya faɗo su bi shi da gudu tun bai tsaya ba, a ɗura a mayar wa masu shi. Ya ga an raba mutane biyu a gabansa. Daren 15 ga Nuwamba waɗanda suka rage suka cinna wa wurin wuta suka tsallake kogin a kwalekwale.

Martin ya ce dalilin da ya sa ba a zancen wurin shi ne babu wani babban janar a ciki, da Washington na nan da an cika duniya da labari, manya ake yaba wa ƙanana kuwa ko oho. Ni dai ban ga inda ya yi ƙarya ba.

Cuta fa, ya ya tsira?

Agana ce babbar dodon rundunar, don haka a 1777 Washington ya ba da umarni a yi wa sojoji shasshawa irin ta lokacin, a ɗan tsaga fata a sa ruwan ƙurjin mai cutar, mutum ya yi 'yar rashin lafiya ya warke shi kenan ba ta sake kama shi. An yi wa Martin a wannan shekarar. Wani abin sha'awa, tun a farkon ƙarnin wani bawa ɗan Afirka da ake kira Onesimus ne ya bayyana wa wani fasto a Boston wannan dabara, ya ce haka ake yi a ƙasarsu, aka gwada ta a annobar 1721. Duk da haka cuta ta fi harsashi kisa nesa ba kusa ba, cikin sojojin Amurka wajen 25,000 da aka ƙiyasta sun mutu a yaƙin, waɗanda suka faɗi a fagen fama ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, sauran a sansani ne da kuma jiragen kurkukun Ingila da ke tashar Niyok.

Wace rawa ya taka a Yorktown?

A 1780 an mayar da shi wata ƙaramar runduna ta masu haƙa ramuka da gina shinge da fasa na abokan gaba, aka ba shi saje. A Yorktown da ke Virginia an ritsa Janar Cornwallis na Ingila, jiragen Faransa sun tare teku, sojojin Amurka da na Faransa sun kewaye tudu, sauran aiki na masu diga da shebur ne, wato su Martin. Ya ce wani dare cikin duhu da yayyafi suna shata inda za a haƙa rami sai ga wani mutum da doguwar riga ya zo ya ɗan yi hira da su, ya gargaɗe su in an kama su kada su faɗi komai, sai da suka ji injiniyoyi na girmama shi suka gane Washington ne.

Daren 14 ga Oktoba 1781 aka kai hari kan wasu ƙananan ganuwoyi biyu, Faransawa suka ɗau ɗaya, Amurkawa ƙarƙashin Alexander Hamilton suka ɗau ɗaya, kuma an hana su ɗura bindiga, banati kawai, don kada wani ya yi harbi ya tona asiri. Su Martin ne a gaba da gatura, aikinsu su sare shingen itatuwa masu tsini da aka kafa. Kalmar sirrin daren sunan janar ɗin Faransa ce, Rochambeau. Cikin 'yan mintoci aka gama. Ranar 19 ga wata Cornwallis ya miƙa wuya da mutum sama da 7,000, Martin na tsaye yana kallo suna ajiye makamai.

Baƙaƙen fata fa, ya ambace su?

Ya ambata, kuma wurin ba daɗin karantawa. Baƙaƙe wajen 5,000 ne aka ƙiyasta sun yi yaƙi a ɓangaren Amurka, waɗanda suka gudu wajen Ingila kuma sun fi haka yawa saboda tun 1775 gwamnan Ingila a Virginia ya yi shelar 'yanci ga duk bawan ɗan tawaye da ya zo ya taimaka musu. Da abinci ya ƙare wa Cornwallis a Yorktown sai ya kore su daga sansaninsa, Martin ya ce ya gan su warwatse a daji, agana da yunwa na kashe su, wasu gawarwakin da guntun gasasshiyar masara a hannu.

Bayan an gama kuma masu bayi suka zo cigiya suna ba da lada ga duk sojan da ya taya su kamo nasu, kuma Martin ya faɗa da bakinsa cewa ya taya, har an ba shi ɗan wani abu. Ina ƙaunar mutumin nan amma wannan ba zan rufe masa ba, mutanen da suka gudu neman 'yanci aka mayar cikin bauta ta hannun sojojin da ke cewa yaƙin 'yanci suke yi.

Da aka gama yaƙi me ya samu?

A Yunin 1783 aka sallame shi a yankin West Point. Babu kuɗi, takardun shaidar bashi aka ba su cewa gwamnati za ta biya wata rana. Mutumin da ba shi da kuɗin komawa gida ba zai iya jiran wata rana ba, Martin ya sayar da nasa ya sayi tufafin da zai shiga mutane da su da ɗan guzuri, haka dubbai suka yi, 'yan kasuwa suka saye takardun a wulaƙance, da aka zo 1790 gwamnati ta amince za ta biya su a cikakken farashi sai ribar ta faɗa aljihun waɗanda suka saya. Hafsoshi su kam an yi musu alƙawarin cikakken albashin shekara biyar. Ranar rabuwa ta yi masa nauyi sosai, ya ce sun zama kamar 'yan gida ɗaya, ga shi kowa zai kama hanya hannu rabbana kuma da wuya a sake haɗuwa.

Ya koyar a wata 'yar makaranta a jihar Niyok na hunturu ɗaya, a 1784 ya wuce Maine saboda jin ana samun fili, ya sare daji ya kafa gona a Prospect kusa da bakin kogin Penobscot. A 1794 ya auri Lucy Clewley, suka haifi 'ya'ya biyar.

An ce wani janar ne ya raba shi da gonarsa, haka ne?

Haka ne, Henry Knox, shugaban rundunar igwa a yaƙin kuma ministan yaƙi na farko a gwamnatin Washington. Ta hanyar dangin matarsa Knox ya mallaki wani makeken yanki a Maine, gonar Martin mai eka 100 ta faɗa ciki. Aka yanke cewa Martin ya biya dala 170 in yana so ya zauna. Bai da su. A 1801 ya rubuta wa Knox wasiƙa yana roƙon a ƙara masa lokaci saboda iyalinsa, mutumin da suka yi Monmouth da Yorktown tare, ɗaya a kan doki ɗaya a cikin rami. A ƙarshe dai gonar ta fita daga hannunsa. A takarda Knox na da hujjarsa ta doka, amma ni har yau in na tuna wasiƙar nan sai raina ya ɓaci.

Ya samu fansho kuwa?

Ya samu amma sai 1818, shekara 35 bayan sallama, lokacin da aka yi dokar ba 'yan mazan jiya mabuƙata dala 8 a wata, wato 96 a shekara. Kafin a ba ka sai ka je gaban alƙali ka rantse cewa kai matalauci ne, daga baya ma aka ce sai ka lissafa duk abin da ka mallaka. Wasu mutane kuma suka yi ta gunaguni wai ana ciyar da malalata da kuɗin jama'a, wannan gunagunin na cikin abin da ya tunzura shi ya ɗau alƙalami. Duk da talaucin mutanen garinsa na ganin girmansa, ya yi shekara sama da ashirin yana magatakardan garin Prospect, ya kuma yi ɗan majalisar gari da alƙalin sulhu.

Ta yaya aka san duk wannan, kuma za a iya yarda da shi?

Ya rubuta labarinsa aka buga a garin Hallowell a 1830 yana ɗan shekara kusan 70, ko sunansa bai sa a jiki ba. Littafin bai yi kasuwa ba, ya ɓace sama da shekara ɗari, sai a 1962 aka sake buga shi da sunan Private Yankee Doodle, daga nan masana tarihi suka rungume shi. An gwada abin da ya faɗa da rajistar runduna da takardun lokacin an ga yawanci ya yi daidai, inda ya ce rundunarsa take nan take. Tabbas tsoho ne ke tuna abin da ya wuce da shekara hamsin, hirarrakin da ya kawo ba za a ce kalma da kalma haka aka yi su ba, kuma yana da son ban dariya, yakan ba da labarin satar kaji da neman 'yan mata da shirmen ƙuruciya a tsakiyar labarin yunwa. Amma bai taɓa mayar da kansa jarumi ba, inda ya gudu ya ce ya gudu, inda ya yi sata ya ce ya yi, wannan ne ya sa na fi yarda da shi a kan littattafan manyan hafsoshi.

Yaushe ya rasu, kuma akwai abin tunawa da shi?

Ya rasu ranar 2 ga Mayu 1850 yana da shekara 89, an binne shi a maƙabartar Sandy Point a Maine kusa da matarsa. A filin tarihi na Valley Forge akwai hanyar ƙafa mai tsawon kusan mil biyar da ta zagaye inda sojojin suka yi sansani, sunansa aka sa mata.